Kafin ka tsoma buroshi: yadda nake zaɓen kalar ɗan jirgin yaƙi na roba a nan Maradi

Jirgina na farko kore shar na yi mishi, irin koren nan da ake shafa wa ƙofar gida. Hurricane ne na roba, irin jirgin yaƙin Ingila, ɗan ƙarami, sikel 1/72 wato an rage girman na gaske sau 72, wani yayana ya zo mini da shi cikin tsaraba kwalin ma duk ya lotse a jaka. Ni da na taso ina ƙera jirgi da karan dawa da gwangwanin madara, ai ka san ranar ban runtsa ba, cikin dare ɗaya na harhaɗa shi gam duk ya manne mini yatsu, gari na wayewa na nufi Babbar Kasuwa na sayo ɗan gwangwanin fentin mai kore da wani ruwan ƙasa mai ja-ja na zo na lafta mishi. Da ya bushe sai ga shi yana ƙyalli kamar kwallar amarya. Na aje shi kusa da zanen da ke kan kwali na yi ta kallo, wallahi ko dangi ba su haɗa ba. Har yanzu yana nan bisa kanta, ban goge shi ba, duk wanda ya zo koyon maket, wato harhaɗa ƴan jiragen roban nan da fente su, wajena shi nake fara nuna mishi.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, tambayar nan ta "wace kala ce jirgin Ingila a yaƙin Hitila" ba ta da amsa. Kamar mutum ne ya tare ka ya ce wace kala ce rigar mutanen Maradi, ai sai ka ce wane mutumin, ranar sallah ko ranar gona? To haka jirgi yake. Kafin ka saye ko kwalba ɗaya ta fenti, samu takarda ka rubuta abu uku: wane irin jirgi ne har da lambar samfurinshi, wane wata na wace shekara, kuma a wace ƙasa yake aiki a lokacin. In ba ka cike layin nan uku ba, bar kuɗinka a aljihu tukuna.

Ka ga dalilin da ya sa na ce har wata. Ɗauki jiragen farauta na sojan saman Ingila, Spitfire da Hurricane. A farkon 1940 tumbinsu rabi baƙi ne rabi fari, fiffiken hagu baƙi na dama fari, don masu bindigar ƙasa su gane nasu ne. A watan Yuni 1940 anka ce a shafe ƙasan duka da wata kala da suke kira Sky. Wajen ƙarshen shekarar anka sake maido baƙi a ƙarƙashin fiffiken hagu, ya yi ƴan watanni anka kuma cire shi a 1941. Duk wannan lokacin sama kore ne da ruwan ƙasa, Dark Green da Dark Earth. Sai a watan Agusta 1941, da yake yanzu su ne ke tsallaka teku suna kai hari can sama bisa Faransa, anka fid da ruwan ƙasar anka sa ruwan toka, Ocean Grey tare da koren a sama, Medium Sea Grey a ƙasa, da siririn layi rawaya a bakin fiffike. Jirgi ɗaya ne fa, cikin shekara biyu ya sake riga kusan sau huɗu. In ka ɗauko Spitfire na tsakiyar 1940 ka yi mishi ruwan toka, ko kwalbar da ka yi amfani da ita ta fi kowace tsada, ka sa mishi rigar da ba a ɗinka ba tukuna.

Kuma kar sunan ya ruɗe ka. Sky ma'anarta sama, amma ba shuɗiya ba ce. In kana son ganinta je ka wajen mai kabeji ka ɓare ganyen waje, wancan na ciki mai haske, tsanwa-tsanwa da ɗan sirkin toka, to kusan ita ke nan.

Ni yanzu wanda nake kai Hurricane ne kuma, na biyu, sikel 1/48, kuma na zaɓe shi ne saboda labarinshi ya ratsa ta maƙwabta. Lokacin da Italiya ta shiga yaƙin a 1940 hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai sunka riƙa ɗauko jirage a cikin akwatunan katako ta jirgin ruwa zuwa Takoradi, a Gana ta yanzu, a haɗa su can, sannan matuƙa su taso da su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lami wato Njamena ta yau, su bi ta Sudan har Hartum su miƙe Masar. Tafiyar kusan kilomita 6000 ce, ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940, jirgin Blenheim na gaba yana nuna hanya ƴan Hurricane na biye. Dubban jirage sunka bi hanyar nan kafin yaƙin ya ƙare. Ba su bi ta samanmu ba, don mu a lokacin muna hannun gwamnatin Vichy, ta Faransa mai biyayya ga Jamus, har zuwa ƙarshen 1942, Cadi ce gwamnanta Félix Éboué ya bi De Gaulle tun Agusta 1940, shi ya sa hanyar ta yiwu. Amma Kano ai ga ta nan, ka bi ta Dan Isa da Jibiya da Katsina ka isa. Duk sanda na duba ɗan jirgin nan sai in tuna irinshi ya sha ƙurar hunturu guda da wadda ke shigo mini ta taga.

To ko a nan ma sai da na koma ga takardata. Na farkon da sunka iso, da rigarsu ta Turai sunka zo, kore da ruwan ƙasa. Daga baya a 1941 ne anka maye gurbin koren da Middle Stone, ya zama Dark Earth da Middle Stone a sama, Azure Blue a ƙasa, wadda ita ce rigar hamada da kowa ya sani. Na zaɓi 1942, Masar, mai ƙatuwar matatar iska ta Vokes a ƙarƙashin hanci don yashi. Da na rubuta haka sai kwalabe uku kawai sunka rage mini in nema maimakon in yi ta sayen kore iri-iri. Ga yadda nake riƙe su a kai, tunda sunan Turanci ba ya zana komai a ido: Dark Earth ka tuna ƙuli-ƙuli wanda bai ƙone ba, ruwan ƙasa ne mai ɗan rawaya, babu ja a cikinshi kamar na jan birgi. Middle Stone tana tsakanin yashin gulbi da garin ɗorawa, ta fi yashi rawaya nesa, mutane da yawa suna yinta fari-fari kamar siminti sai jirgin ya mutu. Azure Blue kuwa ka tuna farar riga in mai wanki ya cika mata bula, shuɗi mai haske da ke ɗan karkata wajen shunayya, ba ruwan omo ba.

Jamusawa su lamba suke sa wa fentinsu, shi ya sa nasu ya fi daɗin bi. Za ka ga RLM sannan lamba, RLM ɗin gajarcen sunan ma'aikatar jiragen samansu ne. Messerschmitt Bf 109 ya shiga yaƙi a 1939 da kore biyu masu duhu, 70 da 71, ƙasa shuɗi mai haske 65. A 1940 sai 71 da 02, toka mai sirkin kore, kuma shuɗin ya hauro har gefen jiki. Daga 1941 ruwan toka ya karɓe, 74 da 75 a sama, 76 a ƙasa da gefe, da ɗige-ɗigen feshi a jiki. Waɗanda anka kai Libiya, rundunar JG 27 da ta isa a watan Afrilu 1941, su ma da kayan Turai sunka sauka, daga baya sunka koma 79 ruwan yashi a sama, 78 shuɗi a ƙasa, wasu da tabo-tabon kore 80, ga farin ɗamara a ƙugu wanda ke nuna fagen Bahar Rum, na fagen Rasha rawaya ne. In Bf 109F na matuƙin Jamus Hans-Joachim Marseille kake so, mai lamba 14 rawaya, wanda ya mutu 30 ga Satumba 1942, to 79 da 78 ne abin nemanka. Shawara ɗaya, in kai sabo ne kar ka fara da jirgin Jamus na 1945. Lambobin 81, 82 da 83 har gobe masu bincike na musu a kansu, masana'antu na ƙarƙashin ruwan bam, kowa na shafa abin da ya samu, fiffike daga wani gari jiki daga wani. Ka bar wannan sai hannunka ya faɗa.

Sauran zan bi da sauri. Amurka ta fara da Olive Drab a sama da Neutral Gray a ƙasa, a 1944 ta daina fente yawancin jiragen sojan ƙasa ta bar su da farin ƙarfensu, amma lura, fiffiken jirginsu na farauta P-51D fenti ne ruwan azurfa anka yi mishi bayan an cike layukan, bai kamata ya yi ƙyalli iri ɗaya da jiki ba. Jar wutsiyar matuƙan nan baƙar fata na Tuskegee, runduna ta 332 a Italiya, ta 1944 ce zuwa gaba. Zero na Japan na farkon yaƙi ba fari ba ne kamar yadda tsoffin zane ke nunawa, toka ne mai sirkin ruwan zuma da ɗan kore, hancin baƙi, kore mai duhu a sama sai wajen 1943. Rasha kore da baƙi a sama, shuɗi a ƙasa, a 1943 jiragen farauta sunka koma toka biyu, AMT-11 da AMT-12, wanda ke son jirgin Yak na rundunar Normandie-Niemen, matuƙan Faransa da sunka yi yaƙi tare da Rasha, ya duba shekararshi da kyau.

Yanzu wajen da yawancinmu ke faɗawa rami, wato hoto. Mu nan ba gidan tarihi na jirage, ba littattafai, waya ce malaminmu, kuma waya maƙaryaciya ce a maganar kala. Gwada da kanka, buɗe hoto ɗaya a wayarka da ta abokinka ku jera, za ka ga a ɗaya jirgin ruwan ƙasa ne a ɗaya ya koma ruwan goro. Sannan yawancin hotunan yaƙi masu kala da ke yawo a Facebook da TikTok asalinsu baƙi da fari ne, wani ne ya zauna ya zuba musu kala da kwamfuta bisa son ranshi, ko manhaja ta yi mishi. Su ma na baƙi da farin suna da nasu tarko, akwai wani irin fim na da wanda ke fid da rawaya da ja su yi duhu, shuɗi kuma ya yi haske, sai ka ga zoben rawaya na tambarin Ingila ya fito baƙi-baƙi ka rantse babu shi. Jiragen da ke tashi a bukukuwa yau kuma an sake fente su da fentin zamani mai ƙyalli don ya daɗe. Zanen kan kwali shi ma aikin mai zane ne, ya sa hasken faɗuwar rana don kwalin ya sayu.

To me hoto zai amfane ka da shi? Fasali. Ina kore ya tsaya ina ruwan ƙasa ya fara, layin da ke tsakaninsu kaifi ne ko feshi ne mai laushi, ina lamba take, ina hayaƙi ya baƙanta, ina takalmin makaniki ya cinye fenti. Wannan duk hoto ya fi kowa sani. Ita kalar kanta, daga sunanta na hukuma za ka kamo ta, ba daga gilashin waya ba.

Da ka samu sunan, sai neman kwalba. Takardar da ke cikin kwali za ta ba ka lambobi, kowane kamfani da irin nashi, Airfix lambobin fentin Humbrol yake bayarwa, Tamiya na fentinshi, Revell sau da yawa zai ce haɗa kaza cikin ɗari na wannan da kaza na wancan. A Humbrol 29 ne Dark Earth, 225 Middle Stone, 157 Azure Blue, 90 ana sa shi a Sky, 78 na mazaunin matuƙi. A Tamiya XF-81, XF-82 da XF-83 su ne kore da toka biyun nan na 1941, XF-21 Sky, XF-62 Olive Drab. Amma ka sani in ka jera kwalabe uku na kamfani uku duk an rubuta suna ɗaya, kala uku za ka gani, kowa da samfurin da ya auna. Wannan ba abin tashin hankali ba ne, na gaskiyar ma haka sunka kasance, masana'anta daban, gwangwani daban, mai feshi daban. Za ka kuma riƙa cin karo da lambobin FS a intanet, wani ya ce kalar kaza ita ce FS kaza. Tsarin FS 595 na Amurka a 1956 ya fito, shekara 11 bayan an gama yaƙin, saboda haka babu jirgin yaƙin Hitila da anka fente da lambar FS, kwatance ne kawai na mafi kusa. Yi amfani da shi a matsayin kwatance, kar ka yi faɗa da kowa a kanshi.

Matsalarmu ta gaske ita ce ina za ka samu kwalbar a Maradi. Babu shagon maket, sai dai ka yi oda ta intanet ta sauka Yamai ko Kano wani ya sako maka a mota, ko ka roƙi mai dawowa daga waje, shi ma fentin mai ba kasafai ake bari ya hau jirgi ba, na ruwa ya fi sauƙi. Shi ya sa na taɓa cewa bari in gwada masu fentin mota, tunda su ne gwanayen haɗa kala a garin nan. Na je garejin wani dattijo da ɗan cokalina da na shafa wa samfur, ya karɓa ya juya shi a rana ya ce, "Yaro, wanga ai ba rawaya ta ba, akwai baƙi ciki kaɗan, da ɗigon ja." Na ce, "Baba, a ido kawai?" Ya yi dariya ya ce shekara nawa yana wannan aiki. Cikin minti biyar ya haɗa mini Middle Stone da ta fi wadda na kwana uku ina nema. Kuskuren nawa ne, ban gaya mishi a kan roba zan shafa ba, shi kuma bai tambaya ba. Na zo gida na shafa a fiffike, dilwan ɗin fentin mota, wato ruwan da ake tsinka shi da shi, ya ci robar, fiffiken ya yi laushi ya tattare kamar fatar tsohuwa, layukan duk sunka narke. Robar maket ba ta shiri da dilwan mai ƙarfi. Ka ɗauki idon masu fentin mota, wato ka je su gaya maka me da me ke cikin kalar, amma kayan haɗin ka yi da fentin ruwa. Kuma kowane irin fenti ne, fara gwada shi a sandunan robar nan da kayan ke manne a jiki, ka bar shi ya kwana.

Abin da nake yi yanzu, akirilik, wato fentin ruwa, na tub da ake samu a libreri ko wajen masu zanen allon shago, fari, baƙi, rawaya, ja, shuɗi da ruwan ƙasa, da sirinji daga farmasi, da marafen kwalba, da ɗan littafi. Littafin nan shi ne rabin aikin. Duk haɗin da ka yi rubuta ɗigo nawa na wane, in ba haka ba ranar da fenti ya ƙare maka a tsakiyar fiffike za ka yi kuka. Wani abin mamaki da dattijon nan ya koya mini kuma na tarar haka yake, koren soja ba daga kore ake faro shi ba. Zuba rawaya ka riƙa ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan, da kanshi zai juye ya zama Olive Drab, in Dark Green na Ingila kake so sai ka ƙara ɗan shuɗi. In ka faro daga koren tub ɗin nan mai haske, ƙofar gida za ka koma kamar ni. Dark Earth ruwan ƙasa ne da rawaya da ɗigon kore don ya kashe jan. Azure fari ne da shuɗin bula da ɗan mitsitsin ja, mitsitsi fa, bakin tsinken sakace. Kullum ka faro da mai haske ka riƙa ƙara mai duhu, don ɗigon baƙi ɗaya sai ya ci farin cokali guda kafin ka dawo da shi. Akirilik na tub ba ya kama roba tsirara sosai, wanke kayan da ruwan omo su bushe, ka yi shafen fari na share fage, sannan ka bi da shafe mai ruwa-ruwa sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya.

Sai gwajin cokali, wanda shi ne alƙali. Sayo farin cokalin roba irin na masu sayar da yawur da shinkafa, ka yi wa bayanshi irin share fagen da za ka yi wa jirgin, don kala ɗaya a kan fari daban take a kan toka, rawaya da ja ma in ba a kan fari ba ba sa fitowa. Shafa haɗinka, rubuta lamba a hannun cokalin, bar shi ya bushe sarai don akirilik yana ƙara duhu in ya bushe. Kar ka yanke hukunci da dare. Ƙwan lantarkin nan fari na yanzu yana sa ruwan ƙasa ya koma kore-kore, fitilar waya ta fi shi muni, ranar tsaka kuma tana wanke komai ya yi fari. Ni da hantsi nake fita, in tsaya a inuwar bedi ko bakin zaure inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba. Kuma kar ka duba cokali ɗaya shi kaɗai, jera na sama biyu da na ƙasa wuri ɗaya, don abin da ido ke kamawa a jirgi shi ne tazarar da ke tsakanin kalolin. In Dark Earth ɗinka da Middle Stone sun yi kusa har sai ka ƙura ido kafin ka raba su, ko sun yi nisa kamar baƙi da fari, koma ka duba hoton baƙi da fari na ainihin jirgin, nan ne hoton zai yi maka aiki. Ɗauki cokulan hoto ka mai da shi baƙi da fari a waya ka gwama.

Akwai wata magana da masu maket ke musu a kai, wai a ɗan haska fenti saboda ƙanƙantar jirgin. Hujjar ita ce in ka tsaya mita ɗaya daga jirgin 1/72 kamar kana kallon na gaske ne daga mita 72, kuma abu in ya yi nisa kalarshi na dusashewa. Mu da ke ganin hazo ba sai an yi mana dogon bayani ba, dubi itacen da ke gabanka da wanda ke can ƙetaren gulbi, kore ɗaya ne amma na nesa ya yi toka-toka. Hurricane na gaske faɗin fukafukanshi ya ɗan haura mita 12, a 1/72 santimita 17 ne, a 1/48 kamar 25. In ka shafa wa abu mai santimita 17 kala mai duhun ta gaske sai ya zama dunƙulen gawayi a kanta. Ni ina bin wannan ra'ayi amma da sauƙi, a 1/72 ɗigo ɗaya na mai haske cikin takwas ko goma, a 1/48 ƙasa da haka. Kuma ba kullum da fari ba. Fari a cikin ja hoda yake ba ka, a cikin kore yana mai da shi kamar alli. Kore da ruwan ƙasa da ruwan yashi nake haska su, fari sai a toka da shuɗi.

Maganar koɗewa kuwa mu ya kamata a tambaya. Dubi rufin taksi ko tankin kabu-kabu da ya yi bazara biyu a tasha, sama ya koɗe gefe da sauran kala, ƙasa kamar sabo sai dai ƙura. Haka rana ta yi wa jiragen Masar da Libiya. Saboda haka saman fiffike da gadon baya su fi haske kaɗan, gefe ya fi su cika, tumbin ya riƙe shuɗinshi. Amma kar ka wuce gona da iri, da yawan jiragen nan ba su yi shekara suna aiki ba, wasu ƴan makonni ne. Wani kuskure da nake gani a hotunan mutane, su bi jikin Hurricane duka da ɗigon azurfa wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito. Daga bayan mazaunin matuƙi zuwa wutsiya Hurricane ƙyalle ne anka ɗaura bisa firam, ba ƙarfe, to azurfar me za ta fito? Ɓarewa sai a murfin inji, gindin fiffike inda ake takawa, bakin fiffike da wajen bindigogi. Ƙura kuma ba sai ka yi oda ba, na taɓa kankare busasshiyar laka na niƙa ta lilis na shafa a tayoyi da buroshi busasshe, ta fi duk wani abin kwalba.

Ƙananan wurare su ma kowa da nashi, kuma su ne ke tona asirin wanda bai yi bincike ba. Mazaunin matuƙi na Ingila kore ne mai toka-toka, na Jamus RLM 02 a farko daga baya 66 mai duhu kusan baƙi, na Amurka kore mai ɗan rawaya. Farfelar Ingila baƙa ce da rawaya a baki, ta Jamus kore mai duhu ce, RLM 70, ba baƙa ba. Tambari ma yana da kwanan wata, tauraron Amurka akwai jan ɗigo a tsakiya har Mayu 1942 sannan anka cire don kar a ɗauka na Japan ne, fararen sanduna a gefe sai tsakiyar 1943. Layukan baƙi da fari na saukar Normandi, 6 ga Yuni 1944, fari uku baƙi biyu, cikin gaggawa anka yi su, da yawa da buroshi, to in naka ya ɗan karkace bai ɓaci ba. Berni, wato shafen ƙarshe garai-garai da ke kare fenti, shi ma yana taɓa kala, mai ƙyalli yana ƙara duhu, marar ƙyalli yana ɗan haskawa, saboda haka shi ma a shafa wa rabin cokali a gani.

Lokacin shafa, a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40 akirilik a bakin buroshi yake bushewa kafin ya kai jikin jirgi, ka ga fentin ya yi ƙuraje kalar ta yi fari-fari ka zaci haɗinka ne ya ɓaci. Bayan sallar asuba ne lokacina. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, ina gama shafe nake kife robar wanki a kai. Da damina kuma kar ka yi berni ranar da hadari ya haɗo, yana iya yin fari kamar an barbaɗa gari.

Hurricane ɗin nawa yanzu saman ya gama, Dark Earth haɗi na huɗu, Middle Stone na bakwai wanda ya fi kusa da na dattijon gareji. Azure ce ta tsaya mini, cokali tara na rataye a ƙusa bakin taga, na shida ya yi omo da yawa, na takwas ya zarce shunayya har ɗiyata ta ce kalar hijabinta ce ta makaranta. Jiya da hantsi na fita da na bakwai da na tara na jera su da na saman biyu a inuwa, na taran ne ya zauna. Fari 12, shuɗi 3, ja bakin tsinke, na rubuta a littafi, gobe in Allah ya kai mu bayan asuba zan juya shi rigingine in fara daga wutsiya.